Da Wane Maɓalli Kuke Cewa Eh?

Bara da damina, lokacin da rufin ɗakin baya ya fara yoyo, Umma ta sa aka fito da akwatin ƙarfen Yaya, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarsa. A ƙarƙashin takardun makaranta da wasu riguna biyu da asu ya ci, ta tarar da wani ɗan baƙin abu falale, bai fi kwalin ashana ba, an liƙa masa farar takarda an rubuta da biro: "Kada a goge." Ta miƙo mini tana cewa, "Kai da ka san kayan nan, duba ko abu ne mai amfani, kada in zubar."

Na gane shi tun bai iso hannuna ba. Katin ajiya ne na na'urar PlayStation 2, mai ɗaukar megabait 8 kacal, wato abin da hotuna biyu ko uku na wayar da ke aljihunka za su cika. Na kuma san abin da ke ciki, domin na sha zama a gefen mai shi ina kallo yana cika shi.

Daga 2007 zuwa 2010 Yaya ya riƙe wani ɗan gidan gem a bakin layinmu a Kano: talabijin uku, benci biyu, janareta mai yawan tari, da yara cike har ƙofa suna jiran layi, kowa da naira ashirin ɗinsa a dunƙule a hannu. Ƙwallo ake bugawa, ba wani abu ba, kuma duk abin da ya bayyana a allon, PES muke ce masa. Idan dare ya yi aka sallami yara, sai Yaya ya ja ƙofa, ya zaro katin nan daga aljihun gaba, ya shiga sashen da ake kira Master League. Ga wanda bai sani ba, a wannan sashe ana ba ka ƙungiya ce ta 'yan wasan ƙage marasa ƙarfi, irin su Castolo da Minanda da Ximelez da mai tsaron gida Ivarov, a ce ka raine ta kaka bayan kaka, ka sayi wannan ka sayar da wancan, har ta zama abin tsoro. Aiki ne na watanni, ga wasu ma na shekaru. Yaya ya rasu a hatsarin mota a 2014, Allah ya jiƙansa, ya bar yaro ɗan shekara biyu. Halifa yanzu ya zama saurayi, yana buga ƙwallo a waya, kuma abin da ya sani game da mahaifinsa bai wuce hotuna huɗu da labaran da muke ba shi ba, waɗanda duk mun tace su mun mai da shi waliyyi. Na yi niyyar in nuna masa wani abu da mahaifinsa ya gina da hannunsa, don nishaɗin kansa, ba don kowa ya gani ba.

Nan na fara gane cewa babu ƙofar kamfanin da zan ƙwanƙwasa. PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 150, amma Sony ya daina ƙera ta a farkon 2013, kuma a 2018 ya rufe sashen gyaranta a Japan. Konami, mai wasan, ya sauya masa suna zuwa eFootball tun 2021 ya kama wata hanya. Duk wani tsani da zan taka daga katin nan zuwa allon kwamfutata, masu sha'awar wasa ne suka sassaƙa shi a lokacin hutunsu, ba tare da an biya su ba. Su suka rubuta Free McBoot, manhajar da ke sa na'urar ta karɓi shirye-shiryen da ba na kamfani ba. Su suka rubuta uLaunchELF, wadda da ita ake leƙa cikin kati a kwafo abin da ke ciki zuwa filash. Su ne kuma tun 2002 suke gina PCSX2, manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi PlayStation 2, kuma sai a 2024 suka ga ta isa a kira ta siga ta biyu.

Kashi na farko bai ba ni wahala ba. Wani mai gyara a Sabon Gari ya sayar mini da tsohuwar na'ura, ya kuma kwafo mini abin da ke katin cikin minti biyar, yana yi yana cin gyaɗa. Na nemo tsohon faifan PES 6 na asali, na haɗa komai a kwamfuta, na zauna bayan sallar isha'i zuciyata na bugawa. Wasan ya buɗe, kiɗan da na manta na san shi ya cika ɗakin, na shiga Master League, na zaɓi ci gaba daga inda aka tsaya. Sai allon ya ce babu wani abu da aka ajiye.

Kwana uku ina fama. Na sake kwafa, na sake sakawa, na cire manhajar na mayar. Fayil ɗin yana nan, ina ganinsa da idona, da nauyinsa da komai, amma wasan ya rantse bai san shi ba. A dare na huɗu na haƙura na kai kukana wurin masu sha'awar wasan a intanet.

Tambayata ta farko, in faɗi gaskiya, abin kunya ce ga mutumin da ya yi shekara huɗu a jami'a ana koya masa wa, me, yaushe, ina da yaya. Na rubuta cewa ajiyata ta ƙi buɗewa, tana da muhimmanci ƙwarai a wurina, don Allah a taimaka. Ke nan. Da ɗan rahoto zai kawo mini labari irin wannan da na mayar masa da takardarsa. Amsoshin farko suka zo daidai da tambayar. Wani ya ce katin ya lalace, in yi haƙuri. Wani ya ce in sake saka manhajar, abin da na riga na yi sau uku. Wani kuma, da cikakken ƙarfin gwiwa irin na wanda ba kayansa ba ne, ya ce in sauya wa jakar fayil ɗin suna kawai, shi ya taɓa yi ya yi aiki.

Sai washegari da rana, ina ofis, wani ya shigo maganar. Ban san sunansa na gaskiya ba, ban san ƙasarsa ba, sai dai Ingilishinsa ya nuna shi ma aro ya yi kamar ni. Bai ba ni shawara ko ɗaya ba. Abin da ya fara cewa shi ne kada in taɓa komai sai na yi kwafi biyu na fayil ɗin na ajiye a wurare daban-daban, katin na asali kuma in mayar da shi akwati. Sannan ya nemi in karanto masa sunan jakar harafi bayan harafi. Na ce ba na kusa da kwamfutar sai dare. Ya ce ba komai, akwai tambayar da zan iya amsawa daga inda nake: lokacin da kuke buga wasan nan a shagon ɗan'uwanka, da wane maɓalli kuke cewa eh? Da X, ko da da'ira?

Na ajiye wayar na dubi babban yatsana na dama. Kaina bai tuna ba, amma yatsan ya tuna. Da'ira muke dannawa. Na ma tuna yadda baƙin yara daga wasu unguwanni kan danna X su ga an mayar da su baya, mu yi ta yi musu dariya muna ce musu 'yan ƙauye.

Ya ce to, ba PES 6 kuka buga ba.

Bayanin da ya biyo baya shi ne wannan. A zamanin PlayStation 2 an raba duniya shiyya-shiyya, kowace da nata faifan. A wasannin da aka yi don Japan, da'ira ce ke nufin amincewa, X kuma fasawa. A na Turai da Amurka X ce amincewa. Konami ya fitar da Winning Eleven 10 a Japan a watan Afrilun 2006, sannan a watan Oktoba ya fitar da PES 6 a Turai. Uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma ba mutum ɗaya ba ne. Kowane faifai yana da lambar shaidarsa, kuma da wannan lamba yake sa wa jakar ajiyarsa suna: ta Turai tana farawa da BE, ta Amurka da BA, ta Japan da BI. Idan wasa ya leƙa kati, jakar da ke ɗauke da lambarsa kaɗai yake nema; sauran ko kallo ba su ishe shi ba. Da na koma gida na duba, sai ga BISLPM a farkon sunan. Ajiyar Yaya lafiyarta ƙalau. Ni ne na aiko mata baƙo yana sallama da sunan wani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuskuren ba ne, abin da ya tona ne. Faifan da muka yi shekara uku muna bugawa, wanda Yaya ya sayo a kasuwa a cikin leda da hoton da aka buga a gurguje, wasan Japan ne da wasu masu sha'awa suka fassara zuwa Ingilishi, suka gyara sunayen ƙungiyoyi da riguna, kafin 'yan kasuwa su kwafa su baza duniya. Ba zan yi wa abin ado ba: kwafin sata ne, kuma na'urorin shagon duk an yi musu aikin da zai sa su karɓe shi, kamar yadda aka yi wa kusan duk wadda na taɓa gani a lokacin. Amma dalilin da ya sa aka fara irin wannan gyara ba sata ba ne. Konami ba shi da lasisin ƙungiyoyi da yawa, shi ya sa a PES 6 na asali Liverpool take Merseyside Red, Chelsea kuma London FC. Masu wasa suka ƙi yarda, suka zauna suna gyarawa ɗaya bayan ɗaya. A Brazil irin wannan aiki ya haifi Bomba Patch, wanda ya samo asali daga wani gidan gem kamar na Yaya, kuma aka ci gaba da sabunta shi shekaru bayan kamfani ya manta da na'urar. Ashe tun muna yara hannun waɗannan baƙi yana cikin tuwonmu, ba mu sani ba.

Na daɗe ina tunanin yadda aka yi mutumin nan ya san tambayar da zai yi. Amsar da na samu ba ta yi wa girman kaina daɗi ba. Ni dai a da, idan na ga manyan mutane suna musu a kan wasan bidiyo, kallon marasa aikin yi nake musu. Shekara kusan ashirin ana jayayya a kan ko PES 5 ya fi PES 6, ko na Japan ya fi na Turai daɗin bugawa, ko ƙarfin shurin Adriano da aka kai 99 ya ɓata wasan. Musu ne irin na majalisar ƙofar gida, wanda ba a gamawa, ba a kuma son a gama. Sai dai mutum ba zai iya shekara goma yana kare Winning Eleven 10 a gaban masoyan PES 6 ba sai ya san kowane ɗan bambanci da ke tsakaninsu, har da maɓallin cewa eh. Musun da nake rainawa shi ne rumbun da aka adana sanin a ciki. Babu littafin kamfani da ya tanadi amsa ga wanda ya sayi faifan Japan da aka fassara a wata ƙasa aka kwafa a wata aka sayar a Kano. Waɗanda suka ƙi daina gardama su kaɗai suka riƙe ta.

Kuma idan aka zo gyara, mafi ƙwarewa a cikinsu suna da wata tarbiyya da na yi fatan a ce ɗakunan labaranmu suna da ita. Ba sa yarda ka gaya musu abin da kake zato; abin da ka gani suke so, da kalmomin da allon ya rubuta, ba fassararka ba. Ba sa sauya abu biyu a lokaci ɗaya, domin idan ya gyaru ba za ka san wanne ne ya gyara ba. Misalin da aka fi sani shi ne na GTA Online. Wasan ya fito a 2013, kuma shekaru da dama mutane suna ƙorafin cewa kafin ya buɗe a kwamfuta sai ka yi ta jira, kowa da nasa hasashen: wannan ya ce intanet ne, wancan ya ce tsufan na'ura ne. A ƙarshen Fabrairun 2021 wani mai shirya manhaja da ake kira t0st ya daina hasashe ya auna. Ya gano cewa wasan yana karanta wani fayil mai nauyin megabait 10 da ke ɗauke da jerin kayayyaki kusan 63,000, amma duk sanda zai ɗauki abu ɗaya sai ya sake auna tsawon rubutun da ke gabansa har ƙarshe, sannan ya gwada sabon abin da duk waɗanda ya riga ya ɗauka don kada a samu maimaici. Kamar mai ƙirga buhuna ne a sito da zai riƙa zagaye siton duk bayan buhu ɗaya. Da ya toshe waɗannan ramuka biyu, jiran minti shida a kwamfutarsa ya koma ƙasa da minti biyu. Kamfanin Rockstar ya tabbatar da binciken a watan Maris, ya sa gyaran a wasan, ya ba shi dala 10,000. Ga wasan da ya tara wa masu shi kuɗin da ba ya ƙirguwa, wannan tukuici ne, ba lada ba.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake siffantawa. A cikinsu akwai masu izgili, waɗanda idan ka yi tambayar da aka taɓa yi sai su bi ka da gori. Akwai masu ɗauka cewa kowa a duniya yana da wutar da ba ta ɗaukewa da datar da ba ta ƙarewa, su ce ka sauko da abu mai gigabait huɗu don gwaji kawai. Akwai irin mai cewa in sauya sunan jaka, wanda na tambayi malamin nawa a kansa ya ce wataƙila wasan ya ga fayil ɗin, amma tsarin cikinsa ba ɗaya ba ne, kuma in da ya yi rubutu a kai alhali ba ni da kwafi, shi ke nan. Wanda ya fi ba ni haushi kuwa shi ne mutumin da za ka tarar ya yi irin tambayarka shekara tara da suka wuce, sannan ya dawo ya rubuta "na gyara, na gode" bai faɗi yadda ya yi ba. Ga kuma abin da ya shafe mu: mai gyaran nan na Sabon Gari ya san ciwon PlayStation 2 daga jin ƙarar faifai, ya san abubuwan da na tabbata wasu daga cikin baƙin nan za su so su ji, amma ko layi ɗaya ba a rubuce yake ba, da Hausa ko da wani harshe. Ranar da ya koma sayar da waya, sanin ya bi shi.

Faifan Winning Eleven 10 na asali ya ɗauki mako biyar kafin ya iso daga Japan, kuɗin aikowa ya ninka kuɗin faifan. Malamin nawa ya riga ya gargaɗe ni cewa komai zai fito da rubutun Japananci, kuma tunda faifan Yaya gyararre ne, wasu 'yan wasan za su iya fitowa da fuskar da ba tasu ba. Ya turo mini jerin matakai: zaɓi na kaza daga sama, sannan na kaza, sannan da'ira. Ba X ba, ya ƙara, har da alamar dariya.

Ranar Asabar na kira Halifa. Na yi amfani da kwafi na uku, na bar biyu a ajiye. Na ƙirga layuka kamar makaho mai lalube, na danna da'ira, allon ya yi duhu na ɗan lokaci, sai ga teburin gasa. Na so in san ranar da Yaya ya yi wasansa na ƙarshe, amma kwanan watan da ke kan fayil ɗin na shekarar 2000 ne; batirin agogon na'urarsa ya mutu tun tuni, ita kuwa idan haka ta faru komawa take farkon shekarar da aka haife ta. Ƙungiyar tana ta biyu a tebur, maki uku tsakaninta da ta farko, saura wasa huɗu. A cikin rubutun Japananci da ya cika allon, abu ɗaya ne muka iya karantawa, domin da haruffan boko aka shigar da shi. A zamanin da nake zama gefensa sunan unguwarmu ƙungiyar take ɗauke da shi. Wani lokaci bayan na tafi jami'a ya sauya. UMMA UTD.

Halifa ya fita da gudu ya kira ta. Ta zo tana goge hannu da gefen zani, ta sunkuya ta dubi allon, aka nuna mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ashe har da ni a cikin shirmen nasa." Ta koma madafa, kuma ba ta sake fitowa ba sai bayan magariba.

Yaron ya karɓi hannun gem ɗin yana juya shi. Ya ce, "Baffa, mutanen nan ai kamar itace suke." Na ce haka suke, buga. Aka ci shi biyu ba ko ɗaya, ƙungiyar ta faɗo ta uku. Ya dube ni a tsorace kamar wanda ya fasa tulu, ya ce ya ɓata wa Abbansa tebur. Na nuna masa sauran kwafin, na ce na mahaifinsa yana nan yadda ya bar shi, wannan nasa ne. Ya ce to a sake.

Da dare, bayan ya tafi, na koma inda na yi tambaya na rubuta duk abin da ya faru daki-daki: saƙon da allon ya nuna, haruffan farkon jakar, faifan da ya ƙi da wanda ya karɓa, da maganar da'ira. Mutumin ya amsa da safe da layi ɗaya, yana tambaya ko Minanda yana cikin ƙungiyar har yanzu. Na ce ban iya karanta sunayen ba. Ya ce in ɗauko masa hoton jerin 'yan benci.